An Riga An Ɗinka Anko

Ranar da ƙafar Raihana ta dama ta ƙi shiga takalmin ƙanƙara, uwarta ta buɗe jaka ta ɗauko ledar burodi. Ta shafa wa ƙafar man kaɗe, ta zura mata ledar, ta riƙe takalmin da hannu biyu.

"Tura."

"Maman, ça fait mal," in ji Raihana da Faransanci. Wato da zafi.

"Da Hausa za ki gaya mini, kuma ba yanzu ba. Tura."

Raihana ta ciji leɓe ta tura. Ƙafar ta shige. Hajiya Fatsima ta ja igiyoyin da kanta, ta ɗaure, ta goge hannu da gefen gyale. Babu kowa a ɗakin canza kaya sai su biyu. Sauran 'yan matan sun riga sun hau ƙanƙara.

Shekarun Raihana goma sha biyar. Wasanta zamiya da juyi da tsalle a kan ƙanƙara, da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa. Bara ita ta zo ta ɗaya cikin sa'o'inta a duk Faransa. Saura kwana goma sha shida a sake gasar a Paris, ciwon kuwa ya yi mako guda. Kamar allura yake, a saman ƙafa, daidai inda igiya ke bi. A kan wannan ƙafar take dira, sau arba'in ko hamsin a rana.

Madam, Baturiyar da ke horar da ita, ta tsayar da ita bayan tsalle na uku ta tambaye ta. Raihana ta dubi bencin da uwarta ke zaune, ta ce ba komai. Madam ba ta yarda ba. Da rana ta rubuta wa uban cewa a kai yarinyar asibiti a ɗauki hoton ƙashin kafin ta ƙara tsalle.

Uban, Dokta Munkaila, injiniyan ruwa ne, doktan karatu ba na asibiti ba. Ya tayar da maganar suna cin abinci a gidansu na Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, hawa na bakwai.

"Hajiya, Madam ta ce a yi hoton ƙafar nan."

"Targaɗe ne."

"Ke kika duba?"

"Ni na haife ta. Ka san likitocin ƙasar nan. Ko tuntuɓe ka yi sai su ɗaura maka filasta su ce sati shida. Sati shida daga yau, ina Paris?"

"Gasa ba ta ƙarewa. Akwai ta baɗi."

Ta ajiye ludayi. "Dokta, an riga an ɗinka anko."

Hajiya Fatsima tana da shagon atamfa a La Guillotière, kuma ita ce shugabar ƙungiyar matan Nijar na unguwarsu. Tun watan goma ta sa aka buga atamfa ta musamman, shuɗiya, da hoton Raihana ta ɗaga ƙafa ɗaya sama, sunanta zagaye da hoton. Mata sittin da huɗu sun kai wa tela, sun karɓo.

"An kama kar, babbar bas, za ta tashi daga ƙofar shago ƙarfe shida," in ji ta. "Matan Paris suna jiranmu da nasu ɗinkin. Ƙanwarka ta Maraɗi har hoto ta turo tana sanye da nata. Tashi ka gaya musu an fasa saboda yarinya ta ce wash. Ni dai bakina ba zai iya ba."

Dokta ya juya ga 'yarsa. "Raihana, za ki iya?"

Uwar ma ita take kallo.

"Eh, Papa."

Bayan sallar isha'i ya buɗe kwamfuta ya amsa wa Madam. Ya ce likitan iyali ya duba, jijiya ce ta ɗan gurɗe, babu haɗari, takardar za ta biyo baya. Faransancinsa mai kyau ne. Mai irin wannan Faransanci ba a cika neman shaida a hannunsa ba.

Daga ranar gashi ya zama aikin safe da yamma. Hajiya ta tafasa ruwa, ta tsoma tawul, ta matse, ta danna a kan kumburin da tafin hannu. In Raihana ta janye ƙafa sai ta kamo ta a idon sawu.

"Na haife ki ban ce uffan ba, har ungozomar ta leƙo fuskata ta ga ko ina da rai. 'Yar gidanmu ba ta raki."

Ƙwayar kashe zafi biyu kafin a fita, biyu bayan an dawo. Kumburin ya ƙaru. Raihana ta koyi tafiya a gaban Madam ba tare da ɗingishi ba, ta koyi yin murmushi in ta dira. A lakwal, wato makaranta, ta daina fita tsakar gida lokacin hutu, ta ce karatu take yi.

Akwai zauren WhatsApp mai suna Raihana Tamu. Mutum fiye da ɗari uku ne a ciki, ɗalibai da 'yan kasuwa, daga Lyon da Paris har Yamai da Damagaram. Yawancinsu ba su taɓa taka ƙanƙara ba, amma sun san sunan kowane tsalle. Hajiya ce mai iko da zauren, kullum kuma tana sa bidiyon atisaye.

A ciki akwai Kadidiatou, ɗaliba a shekara ta uku tana koyon aikin kiné, wato gyaran gaɓoɓi da tausa. Ba ta taɓa fashin gasar Raihana ba. Ta kalli bidiyon ranar Talata sau shida, ta rage masa sauri, ta mayar da shi zauren.

"Jama'a, ku dubi dirarta. Tana kaucewa saman ƙafar, tana jefa nauyi a gefe. Yarinyar nan tana da ciwo. Don Allah a duba ta kafin Paris."

Amsoshi suka shigo. Wani ya ce shi ma ya lura. Wata Amatullahi daga Paris ta ce fuskar yarinyar ta faɗa, idonta ya zurma. Wani ɗalibi ya ce kofi ɗaya bai kai ƙafa ba, a bar ta ta huta.

Hajiya ta turo murya ta minti huɗu. Ta yi sallama, ta gode wa masoyan gaskiya. Ta ce akwai waɗanda suka zuba wa 'yarta ido suna ƙirga mata taku, ba masha Allah, ba tabarakallah, kuma ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce lafiyar 'yarta ƙalau, wanda ya sa mata baki Allah ya mayar masa. A ƙarƙashin muryar rubutu ya fito: Hajiya Fatsima ta cire Kadidiatou.

Wanda ya ce ya lura ya goge saƙonsa, wasu mata ma suka goge nasu. Aka cika zauren da tutar Nijar da hannuwan addu'a.

Kadidiatou ta rubuta wa Madam kai tsaye. Madam ta amsa da layi biyu: ta gode, uban ya tabbatar likita ya duba.

Ranar Juma'a Raihana ta faɗi sau huɗu. Ranar Asabar na'urar hawa bene ta lalace, ta sauko hawa bakwai a zaune, mataki bayan mataki, tana jan jiki. Hajiya ta tsaya a ƙasa tana kallonta, ta ce gobe za su Paris wurin maɗori, a ja targaɗen nan a huta.

Ɗan Juma yana sayar da caja da rigar waya a kan shimfiɗa kusa da Porte de la Chapelle. Ubansa da kakansa maɗora ne a Madawa, 'yan gida kuma suna zuwa wurinsa a ɓoye. Ya bar wa maƙwabcinsa shimfiɗar, ya hau da su wani ɗan ɗaki a saman shago. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya ɗora ƙafar a gwiwarsa. Ya bi ta da babban yatsa a hankali har ya kai wani wuri ya danna. Raihana ba ta yi ƙara ba, amma gumi ya tsattsafo mata a hanci.

Ya sauke ƙafar a kan matashi.

"Hajiya, wannan ba targaɗe ba ne. Ƙashi ne ya tsage. Bai rabu ba tukuna."

"To ka ja ka gyara. Abin da ya kawo mu ke nan."

"Ba a jan tsagewa. Ɗaurewa ake yi, a ajiye ƙafa kwana arba'in. Kuma nan ba ƙauye ba ne, ga asibiti kowace unguwa. Ki kai ta su gani da na'ura."

"Asabar ɗin nan za ta yi wasa."

"Da wace ƙafa?"

"Malam, awa biyu muka yi a jirgin ƙasa. An ce mini kai ɗan gado ne."

"Shi ya sa ba zan taɓa ba. Ubana bai taɓa ɗora wa mutum ya ce masa tashi ka yi tsalle ba." Ya dubi yarinyar. "'Yata, kada ki taka ta. Ko wa ya ce ki taka."

"Ba da ita za ka yi magana ba." Hajiya ta miƙe ta gyara gyale. "Ashe da dalili ka bar gado ka koma sayar da caja."

A jirgin komawa ta ce da Raihana, ba tare da ta dube ta ba, "Abin da mutumin nan ya faɗa, a Paris muka baro shi." A gida ta gaya wa mijinta maɗori ya ce a ci gaba da gashi.

Da safe Dokta ne ya kai Raihana lakwal a mota. Ta jira har suka tsaya a jar wuta.

"Papa, ba haka ya ce ba. Ya ce ƙashi ya tsage."

"Mai sayar da caja ba likita ba ne."

"To kai ni wurin likita."

Ya kafa wa wutar ido.

"Widad ta kulob ɗinmu ta yi irin wannan," in ji ta. "An sa mata filasta, ta yi wata biyu ba ta hau ba. Yanzu tana tsalle fiye da da. Ni ba na son in daina, Papa. Gasa ɗaya kawai zan rasa."

"Kin san halin uwarki. In aka fasa yanzu ba za ta iya shiga Guillotière ba, mu ma ba za mu zauna lafiya a gida ba. Kwana biyar ne. Ki daure. Ranar Litinin da kaina zan kai ki likita, na yi miki alkawari."

Wuta ta ba da hannu, ya ja mota.

Ranar Laraba da la'asar Kadidiatou ta buga ƙofa. Hajiya ta buɗe ta tsaya a bakin ƙofar.

"Tanti, ina wuni. Ina gajiya, ya mutanen gida—"

"Lafiya. Me aka yi?"

"Raihana na zo gani. Minti biyu kawai."

"Ke da kika gama ganinta a waya? Har da rage sauri don ki gani da kyau." Hajiya ta naɗe hannu a ƙirji. "Wa ya tarbe ki a tashar Part-Dieu da akwati ɗaya, ba ki san ko hanyar metro ba? Wata uku kina cin tuwona a falon nan."

"Shi ya sa na zo, Tanti."

"Tun ranar da kika sa mata baki take faɗuwa."

"Tana faɗuwa kafin in yi magana. Shi ya sa na yi."

Raihana ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Kadidiatou ta leƙa ta gefen kafaɗar Hajiya.

"Raihana, tsaya a kan ƙafar dama ita kaɗai. In kin iya, zan ba Tanti haƙuri in tafi."

Raihana ba ta saki bangon ba.

"Koma ciki," in ji uwar.

Dokta yana zaune a falo da jarida. Kadidiatou ta ɗaga murya kaɗan. "Tonton, kai ka ga hoton ƙashin da idonka?"

"Maganar gida ce, Kadidiatou," ya ce, bai sauke jaridar ba. "Ki gaida 'yan makaranta."

Hajiya ta rufe ƙofa. Ta wuce ɗaki ta karɓe wayar Raihana, ta ce baki ta waya yake biyo mutum, sai bayan gasa. Ta kunna turare ta zagaya ƙafar da shi sau uku, sannan ta ɗora ruwan gashi.

Asabar, Paris. Ƙwaya huɗu. Leda biyu, ɗaya a kan ɗaya, kuma sai da Hajiya ta durƙusa ta danna takalmin da ƙirjinta kafin ƙafar ta shiga. Madam ta ga fuskar yarinyar ta tambaye ta sau biyu. Raihana ta ce fargaba ce.

Matan anko sun cike layi biyar a gefen hagu, shuɗi kaf, fuskar Raihana a kowane ƙirji da kowane ɗankwali. Da aka kira sunanta suka rangaɗa guɗa har Turawa suka juyo suna ɗaukar hoto. Can sama, a kujera ta ƙarshe, Kadidiatou na zaune da baƙar rigar sanyi.

Kiɗa ya tashi. Tsalle na farko ta dira, ta dafa ƙanƙara da hannu, ta wuce. Matan suka tafa. Ta zagaya, ta ɗauki gudu da baya, ta tashi na biyu, ta juya sau uku a sama. Da ta dira ta ji abin da kunnenta kafin ta ji shi a jiki, kamar an karya busasshen kara.

Ta faɗi. Ta tashi. Ta tafi a kan ƙafar hagu kusan rabin fili, hannuwa a buɗe yadda aka koya mata, murmushin yana nan. Ta sauke ta dama, ƙafar ta lanƙwashe. Alƙalin wasa ya tsayar da kiɗa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba. Tana kwance tana kallon fitilu har aka zo da gadon ɗaukar marasa lafiya.

Takalmin bai fita ba sai da aka yanka shi da almakashi. Likitan filin ya zaro ledar burodi da yatsa biyu, ya zaro ta biyun, ya ɗaga su ya dubi iyayen.

A asibiti likitan ƙashi ya sa hoton a allo. Ya nuna inda ƙashin ya rabu biyu ya goce, ya nuna bakin tsagewar da ya riga ya cinye saboda gogayya.

"Wannan ba na yau ba ne. Tun yaushe take jin ciwo?"

Dokta Munkaila ya gyara murya. Ya fara cewa jiya da yamma ta ɗan yi ƙorafi.

"Vingt-trois jours," in ji Raihana daga kan gado. Kwana ashirin da uku.

Likitan ya rubuta. Ya ce da an kawo ta a makon farko, filasta ce ta sati shida, shi ke nan. Yanzu sai an yi aiki an sa ƙarfe. Tafiya za ta yi. Dira daga tsalle a kan wannan ƙafar kuwa, ba zai yi musu alkawari ba, kuma bai ga amfanin ya ɓoye musu ba.

Madam tana tsaye a bakin ƙofa. Ta tambayi Dokta ina takardar likitan iyalin da ya ce za ta biyo baya. Ya dubi takalmansa.

A baranda Hajiya tana tsakiyar matan anko. Muryarta tana shigowa ɗakin.

"Kun dai gani da idonku. Yarinya lafiya lau, tsalle na farko kamar tsuntsuwa. Ashe Kadidiatou tana can sama a zaune, da baƙar riga, ta kafa mata ido. Ni na gan ta."

"Allah ya isa," in ji wata. Sauran suka ce amin. Wasu a cikinsu sun goge saƙonsu a zaure kwana goma da suka wuce. Su ma suka ce amin.

An yi aikin ranar Lahadi. Washegari Dokta ya shigo da lemo da wayar Raihana, ya ajiye a kan ɗan teburin gado. Ya ja kujera ya zauna.

"Yau Litinin, Papa," in ji ta. "Ga mu wurin likita."

Ya tashi ya ce bari ya nemo ruwa.

Ta kunna wayar. Saƙonni sun taru a Raihana Tamu. Na ƙarshe muryar uwarta ce, ta safiyar nan. Ta gode wa duk wanda ya je Paris. Ta ce ƙaddara ce da bakin mutane, a ci gaba da addu'a, yarinya za ta tashi. Ta ce mata su ninke anko su adana, kada a wanke shi da jabel, ruwan wanke fararen kaya, don hoton yana koɗewa, da shi za a je gasar baɗi.

Raihana ta saurara har ƙarshe. Ta jawo ambulan ɗin asibiti, ta ɗaga hoton ƙashin wajen taga, ta ɗauka da waya. Ƙarafa biyu sun fito fari tas. Ta tura a zauren, ta rubuta a ƙasa da Hausarta ta 'yar Lyon:

"Kwana 23 ina ciwo. Ba a kai ni likita ba. Maɗori ya ce ƙashi ya tsage, Maman ta ji, na gaya wa Papa. Anti Kadidiatou gaskiya ta faɗa. Ba baki ba ne."

Alamar an karanta ta fara hawa. Mutum goma, arba'in, ɗari. Wani ya fara rubutu, ya fasa. Wata ta fara, ta fasa. Minti uku babu ko hannun addu'a.

Sai rubutu ya fito a ƙasan allo: Hajiya Fatsima ta cire ki.

Sunan zauren bai canza ba. Hoton da ke kansa ma yana nan, yarinya a kan shuɗiyar atamfa, ƙafa ɗaya a sama, duk nauyinta a kan ta dama.